Minti Talatin a Szeged

Ƙarfe shida na iso, kogin Tisza bai gama farkawa ba.
Na rataye rigar sanyi, na wanke hannu har gwiwa,
na ɗumama ruwan gishiri da sukari
daidai da zafin jiki.

Zuciyar ɓera ba ta kai kan babban yatsana ba.
Ga ta rataye a bakin bututun gilashi,
babu ƙirji, babu haƙarƙari, babu mai ita,
tana ta bugawa bilhaƙƙi
kamar ba wanda ya kai mata labari.

Aikina ke nan: in murɗe famfo,
in dubi agogo, in ƙirga minti talatin.
Ta nema, ta rasa,
ta ja, ta ƙara ja, ta dusashe,
layin da ke tsalle a allo ya kwanta ya miƙe.

Sannan in buɗe.

Wanda bai taɓa gani ba zai ce shi ke nan, an tsira.
Ina!
Ruwan da aka jira shi ke shigowa da hargitsi,
kalshiyam ya danno cikin tsoka
kamar taro ya samu ƙofa ɗaya,
zuciya ta kama karkarwa,
kowane zare na kaɗa nasa kiɗan,
motsi ko'ina, ko ɗigo ba ta turawa.

Ta goma sha uku na ba ta magani tun kafin in murɗe.
Da ruwa ya dawo ba ta firgita ba,
ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, tsaf-tsaf,
sai dai matsar tata a sanyaye,
kamar gaisuwar wanda zazzaɓi ya saki jiya.
Maganin ya kwantar da rikici,
ya kuma karɓi ladansa daga ƙarfinta.

Farfesa Bereczki ta leƙo ta saman tabarau:
"Rubuta duka biyun, Emőke.
Ban da zaɓen wanda ya yi miki daɗi."
Na rubuta. Alƙalamin ya huda takarda.

Don a tsallaken titi, hawa na uku, gado na kusa da taga,
babana Kálmán na kwance tun Talata.
Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa taragon lantarki,
yana fariyar bai taɓa makara da minti biyu ba.
Jijiya ɗaya ta toshe masa yana yanka albasa.
Nasa mintin ba wanda ya ƙirga daidai.
Aka zura waya aka buɗe hanya,
cikin dare zuciyar ta rikice,
aka ɗaura masa ruwa
mai ɗauke da ɗan'uwan maganin da ke kan teburina.

Likita ya ce tsokar ta yi dogon suma,
da ranta, motsi ne ta ƙi.
Kwana nawa? Ya ɗaga kafaɗa.
Wata ta kan farfaɗo a mako, wata ta ja shi da nisa.
Na san amsar kafin in tambaya,
na dai so in ji ta a bakin wani.

Da azahar na haye titi da kwanon miyar kifi
wadda aka hana ta gishiri.
Ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska.
Na riƙe hannunsa wai gaisuwa,
yatsuna biyu suka lalubo jijiya,
idona na kan agogon bango.

"Kin zo duba ni, ko kin zo aiki?"

Sittin da huɗu, Baba. Babu tsallake ko ɗaya.
Rauninsa kuwa ban faɗa ba.

A ƙasa tarago ya wuce yana kaɗa ƙararrawa,
ya ce wannan yaron ya makara.

Na koma. Ruwa na nan da ɗuminsa.
Ta goma sha huɗu na jira a bakin bututu,
hannuna a kan famfo,
na ɗan daɗe ban murɗe ba.